Ranar da Na Kashe Rijiyar Kawu Habu

Ko na so in manta da wannan rana, marinan Gumel ba za su bari ba. Har yau idan ta faɗo mini sai raina ya ɓaci, kuma rabin haushin na kaina nake ji.

Ana saura 'yan shekaru a sami 'yancin kai, ina aji biyu a wata kwaleji ina karatun haɗa sinadarai, da burin zama injiniya. Wata ƙungiyar taimako ta ƙasar waje ta aiko mana da kayan gwaji akwati-akwati, ta kuma yi alkawarin kai ɗalibi ɗaya Ingila ya ƙarasa karatu. Sharaɗin shi ne kowa ya koma garinsu ya gyara wata sana'a da iliminsa, wakilinsu ya zo ya gani da idonsa. (Kayan nan kuwa malamanmu kulle su suka yi a kabad, ta gilashi muke leƙensu. Ban taɓa riƙe kwalba ko ɗaya ba, amma na haddace sunan kowacce. Wai a haka za a yi injiniya.)

Ni sai na zaɓi rini, saboda Kawu Habu, ƙanin mahaifiyata, marini ne. Aikinsa ya daɗe yana ba ni haushi. Ruwan rijiyarsa ta rini kore-kore ne maimakon shuɗi, kuma a hankali yake tsoma zane kamar mai gudun tada jariri. A littafi kuwa an ce haɗi ba ya kyau sai an gauraya shi sosai. Na roƙi aron famfon hura iska, na sauko da shi daga jirgin ƙasa a Gagarawa Tasha, na ɗora wa jaki.

Kawu ya dubi famfon ya ce, "Ɗan nan, kwana bakwai ina renon rijiyar nan. Ba ta son hayaniya."

Na ce, "Haba Kawu, ruwa ne fa. Zamani ya canja."

Da ƙyar ya yarda, shi ma don mahaifiyata ta sa baki.

Ranar da wakilin ƙungiyar, wani Bature, ya zo, karofi, wato filin marina, ya cika da 'yan kallo. Na sa farar rigar gwaji (ita ma ta aro), na zura tiyo na dinga bugawa. Ruwa ya yi kumfa, ya koma shuɗi mai ɗaukar ido. Na tsoma farin alawayyo, na ɗaga shi sama kowa ya gani, ina harar Kawu. Sai wani tsohon marini ya karɓa ya ɗauraye shi a kwarya. Launin gaba ɗaya ya bi ruwa.

Kawu ya tsoma yatsa a rijiya, ya ɗanɗana, ya ce, "Ka kashe ta." Sannan ya nuna Bature, da yake ni ne tafinta. "Gaya masa baban rini a ɓoye yake aiki. Sai zane ya fito ya sha iska yake yin shuɗi, kai kuwa ka ɗura masa iskar tun yana ciki. Ka kuma gaya masa ban taɓa ganin sakarai irinka ba."

Na juya na ce da Turanci wai Kawu yana ganin an ɗan sami matsalar yanayi. Bature ya zaro alƙalami, ya ce da Hausa tsaf, "Malam Habu, maganar sakarai na ji ta. Ta iskar nake so ka maimaita mini."

Shafi uku ya cika da bayanin Kawu, ina tsaye da tiyo a hannu. Ingila kuwa wani ɗan ajinmu aka kai, wanda ya yi wata guda wajen masu sabulun salo yana ta tambaya kawai. Abin da ya fi cin raina, da na koma makaranta na tarar da maganar Kawu a littafinmu, shafi biyu gaba da inda na tsaya.

Tun daga ranar, in na ga mutum yana aikinsa a hankali, dalili nake tambaya kafin in kawo masa gyara. Sauran hutun nan kaf a ƙasan rijiya na yi shi ina kwashe laka, Kawu na leƙowa daga sama yana cewa, "Injiniya, ya sanyin Ingila?"