Ranar da Na Zubar da Kawu a Kwata

Ko gigin tsufa ya kama ni, ba zan taɓa mantawa da Talatar da na zubar da abincin 'ya'yana da hannuna ba. Lokacin shekarata biyu ba aikin yi, tun da aka rufe shagon yadin da nake tsaro. Boko ban yi nisa ba (daga aji biyu na sakandare na gudu), ga 'ya'ya shida, ga mata da ta daina tambayata ina za ni da safe.

Abin da na mallaka a duniya shi ne tsohuwar besfa da na gada wurin mahaifina, ƙirar Italiya, ruwan toka. Tsakani da Allah ba ta da laifi. Ba ta shan mai, kuma ba lungun da ba ta kutsawa a Sakkwato. Halinta guda ne: in ta mutu, sai ka kwantar da ita gefen dama mai ya gangara cikin inji, ka ɗago, sannan ka buga. Duk mai besfa ya san wannan. Hannu ke yi, ba a ma tunani.

Kawun matata, Malam Buba, dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya, shi ya ji tausayina. Wani Alhaji abokinsa na neman mai kula da siton shinkafa a Dundaye.

"Taho ka ɗauke ni mu tahi," in ji Kawu. "In ya gan ka tare da ni, magana ta ƙare. Amma ƙarhe goma yaka hita."

Ya fito cikin farar shadda ta sha bugu, sai ƙamshi yake. Ya yi bismilla ya hau baya, ya tattare riga a cinya. An yi ruwa da asuba, kwatoci duk sun cika sun yi baƙi ƙirin.

Daidai Ƙofar Kware, gaban teburin wani mai shayi cike da mutane, besfa ta yi tari biyu ta mutu. Na buga, shiru. Na ƙara, shiru. Na dubi agogo, saura minti goma. Hankalina duk yana Dundaye, ina hango Alhaji na shiga mota. Kawai na kwantar da ita dama, yadda na saba shekara ashirin.

Na ji ta yi sauƙin ɗagowa (wallahi har daɗi na ji). Bugu ɗaya ta tashi. Na ja, har ina cewa, "Kawu, ka ga halinta ke nan."

Sai ihu daga baya: "Kai mai besfa! Ka yad da kayanka!"

Na waiwaya. Kawu na zaune cikin kwata har ƙugu, hula na yawo kan ruwa. Mutum uku suka ciro shi, shaddar nan ta koma kamar gindin tukunya. Mai shayi ya miƙo buta yana cewa, "Baba, wanga ɗanka na ko maƙiyinka?"

Da Kawu ya zage ni da na ji sauƙi. Sai ya dube ni a hankali ya ce, "Yaro, ni da nika magana, nika tari, ka mance da ni. To buhun da ba ya magana fa?"

Yaro! Ni da furfura a gemu.

Ya tsai da ɗan kabu-kabu, aka shimfiɗa masa leda, ya koma gida. Sito aka ba wani. Ko fuskar Alhajin ban gani ba har yau, kuma har yau ina zaune.

Darasi dai na koya: kafin ka kwantar da komai, waiwaya ka ga wa ke bayanka. Sai dai tun ranar ba wanda ya sake yarda ya hau bayana, balle in waiwaya.