Jakada da Littafin Kausar

A ƙauyukan da ke kewaye da garin Hasahisa na ƙasar Sudan babu mai ilimin Ustaz Bilyaminu. Shi da kansa ya tabbatar da haka. Digirinsa na rataye inda baƙo zai gaishe shi kafin ya gaishe da mai gidan. Da 'yarsa Kausar ta samu gurbin karatun haɗa magani a Iran, sai ya sayo littafin koyon Farisanci, ya haddace darasi na ɗaya. Mutane suka sa masa suna Jakada. Bai ji haushi ba, gani ya yi an makara.

Ranar Talata da ƙarfe bakwai ya tare masu zuwa gona da albishir: bayan dogon bincike ya gano sunan ƙasarmu da Farisanci. Sudan ne.

Ƙarfe goma ya zaunar da Kausar.

"Ce man ahle Sudan hastam, wato ni 'yar Sudan ce. Buɗe baki! Harshen sarakuna ne, ba cinikin albasa ba."

Ta faɗa, ya gyara mata. Ta maimaita yadda yake so, tana danne dariya.

Da azahar uwarta Dije ta ce, "Ustaz, bar mini yarinyar mu toya kisra, gurasarmu ta dawa, tare, gobe fa za ta tafi." Ya ce ba a katse darasi saboda abinci.

Da la'asar Kausar ta kawo masa gahawa. "Baba, akwai maganar da nake so mu yi." Ya ce ta yi ta da Farisanci. Ta yi murmushi, ta kwashe kofuna.

Ranar Laraba bas ɗin da Kausar ta shiga zuwa Hartum ya kife a hanya. Jakarta aka dawo musu da ita.

Bayan kwana arba'in Dije ta raba kaya: tufafi ga 'yan'uwa, takalma ga ƙawarta Muhsina. A ƙasan jakar akwai littafin rubutu, shafi sittin, duk Farisanci da hannun Kausar, an fara shi tun bara. Shafin ƙarshe na ranar Talatar nan ne.

Dije ta ɗora masa a cinya. "Ustaz, kai ka iya. Me ta ce?"

Ya sa tabarau. Baƙaƙen kusan duk ya san su. Kalma biyu ya gane: Sudan sau ɗaya, Baba sau tara.

Ya gyara murya kamar mai shirin jawabi.

"Ban sani ba, Dije."

Ta karɓi littafin, ta naɗe shi a mayafi, ta kulle a akwatinta. Littafin koyon Farisancin ne kaɗai bai samu mai so ba. Yana nan wajen Jakada. Ya kai darasi na biyu.