Rasuwar Majigin Kawu, Tare da Eriyarsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da falo mai cike da ƙaurin waya, Kawu, tsohon makanikin jirgin sama, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar majiginsa, wanda ya cika ranar Laraba da hantsi yana tsakiyar aiki.

Marigayin ya ƙare rayuwarsa yana haska tsofaffin hotunan jiragen leƙen asiri marasa matuƙa a bangon falo, irin na farko-farko, waɗanda ko sojojin da suka harba su sun manta sunansu. Da taimakonsa Kawu ke duban fiffike da wutsiya da inda aka ɓoye kyamara, ya faɗi ƙirar jirgi da zamaninsa. Majigi ne mai haƙuri. Bai taɓa ƙorafi ba, sai dai "fuuu" na fankarsa, da "ƙaras" idan ya canza hoto, da wani ɗan tari da ya ƙaro a tsufa.

Babban abin da za a tuna shi da shi ita ce eriyar nan. Shekara da shekaru, kowane jirgi ya haska sai a ga wata siririyar eriya mai lanƙwasa a samansa, har da 'yan ƙayoyi. Ba ta cikin kowane littafi. Kawu ya yanke hukuncin cewa ya gano wani dangin jirage na sirri da duniya ba ta sani ba, kuma Asabar ɗin nan zai bayyana shi gaban ƙungiyar masu sha'awar tsofaffin jirage. Har sabuwar riga ya ɗinka. Amininsa Mai Hoto kuwa kullum da yamma yana kan kujerar kusa da taga yana musu, su yi ta kai ruwa rana har shayi ya huce.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Haskensa ya fara rawa, ya ce "tsss", hayaƙi ya tashi, bango ya yi fari fat. Mai gyaran rediyo ya buɗe cikinsa, ya tabbatar rai ya yi halinsa. A nan ne aka samu eriyar, manne a bakin gilashi, busasshiya ƙayau. Ƙafar kyankyaso ce.

Kawu ya zauna a ƙasa. Kunya ta kama shi, ya kuma ji tsoron dariyar da Mai Hoto zai yi masa. Amma da aka aika wa Mai Hoto, sai ya iso idonsa jajur. Ashe tun ranar farko ya gane ƙafar, mutumin da ya tsufa yana goge gilashin kyamara. Ya yi shiru ne domin tun da matarsa ta rasu, musun eriyar nan ne kaɗai ke fito da shi daga gida.

Marigayin ya bar akwatin hotuna, da wayar wuta mai faci uku, da farin bango wanda Inna, matar Kawu, ta riga ta auna don rataya labule. Ya bar kuma sabuwar riga wadda ba a san inda za a sa ta ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar, a daidai lokacin da aka shirya jawabin. Za a naɗe shi da tsohon tawul, a sa shi cikin kwalinsa na asali, a ɗora bisa kabad. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su ambaci kyankyaso a gaban Kawu. Ƙafar kuwa ba za a binne ta ba, tana cikin kwalin ashana a kan tebur, domin Kawu ya ce ta fara ce, Mai Hoto ya rantse ta kyankyaso ce. Za su ci gaba gobe da yamma, Inna ta ce za ta ɗora shayi.