Wa Ya Riƙe wa Kaka Fayil?

"Lafiya lau na kwana, ganinka ne dai ya ɓata min safiya," in ji Kaka daga bayan kantar shagonta na gilashin ido.

Jikanta ne ya shigo, mai gyaran kwamfuta, jaka rataye a kafaɗa. Ita ta kira shi. Tun da aka buɗe shago yau da safe, fayil ɗin da ke ɗauke da awon idon mutane ya ƙi buɗuwa. A kwamfutar ɗakin baya yake zaune, sauran kwamfutocin ta waya suke jawo shi. Ga kuma wani direba a benci yana jiran gilashinsa, yau za a gwada masa ido a wurin aiki.

"Tsohuwa, ba ke kika kira ni kina kuka ba?"

"Ƙwaro ne ya faɗa min a ido. Zauna ka yi aiki, miji ba cefane."

Ya leƙa allo. "A kulle yake. Wata kwamfuta ce ta riƙe shi ta ƙi saki. Kamar mutum ya shiga banɗaki, ya sa sakata, ya fice ta taga."

"To ɓalle sakatar mana!"

"In na ɓalle alhali wani na ciki yana rubutu, awon mutane ya cakuɗe. Ki ba direba gilashin tela, ya ga rami ya ɗauka inuwa ce."

Direba ya gyara zama. "Yallaɓai, bi a hankali."

Sai da jikan ya kwafi fayil ɗin ya ajiye gefe, sannan ya juyo. "Faɗi gaskiya, me kika danna? Ke da kika girmi wutar lantarki."

"Na girme ta, amma ni ban taɓa ɗaukewa ba."

Suka kashe kwamfutar da ke kan kantar shago, suka kashe ta ɗakin awo. Fayil na nan a kulle.

"Ruwa ba ya tsami banza," in ji shi, ya nufi ɗakin baya. "Yanzu zan ga sunan mai riƙon. Shirya kunya."

Kaka ta kasa kunne. Shiru. Ta san irin wannan shirun tun yana rarrafe, in ya fasa kofi.

"Maigida, ko kwamfutar ta haɗiye ka ne?"

Ya fito yana sosa ƙeya, hannu ɗaya dafe da jaka. Ashe jiya da ya biyo gwada sabuwar wayar da ya ja tsakanin kwamfutocin shagon, da ƙaramar kwamfutarsa ya buɗe fayil ɗin, ya rufe murfi bai rufe fayil ba, ya sa ta a jaka ya yi tafiyarsa.

Kaka ta tafa hannu. "Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as! Direba, ga ɓarawon nan, shi ne kuma ɗan sandan."

Ya jona kwamfutar tasa, ya rufe fayil yadda ya kamata. Nan take ya buɗu a kwamfutar da ke kan kantar. Kaka ta duba awo, ta zaro gilashi daga aljihun tebur ta ɗora wa direba a hanci.

"Me ka gani?"

"Na ga wani yana zufa, Hajiya."

Jikan ya tuntsire da dariya, ya ciro lemu biyu daga jaka ya ajiye mata. "Na sara miki, uwargida. Kin ci."

"Ɓare min," in ji Kaka. "In ka iya buɗe shi ba tare da ka kulle ba."