Ruwan da Ya Sauka a Gidana Kaɗai

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata cikin watan Afrilu ba, ranar da na tayar da magidanta shida daga wuraren neman abincinsu, na sa su tsere a kan kilando, baburan haya, cikin rana don su je su tare ruwan da ko ɗigo bai sauka ba.

Ni mai haɗa sola ne, shagona yana unguwar Chagoua, gidana kuma a unguwar Boutalbagar. Ciwona guda ɗaya: in na ga abu mai waya da allo, hankalina ba ya kwanciya sai na mallake shi. Haka wani ɗan kasuwa mutumin Nijar da ke kawo mini batura ya nuna mini na'urar auna yanayi, ban ko taya ba na karɓe. Tana da 'yar fanka don iska, da ma'aunin zafi, da wani baƙin kwano mai ɗan rami a gindi, inda ruwan sama ke faɗawa. A ƙarƙashin ramin akwai ɗan cokali mai kai biyu, in ya cika sai ya tuntsure ya zubar, na'ura ta ƙirga ta aiko wayata. Na kafa ta jikin katangar madafa, inda hannu zai iya kaiwa (takardar ta ce a kai ta can sama, amma ni so nake baƙi su riƙa gani suna tambaya).

Kullum da safe sai in tura wa guruf ɗin unguwarmu yawan zafin ranar. Har aka laƙaba mini Meteyo, wato mai hasashen yanayi, ni kuwa ina amsawa da faɗi kamar an naɗa mini rawani.

To ranar nan ina shago, wajen ƙarfe takwas, waya ta yi ƙara. Ruwa milimita arba'in a gidana! Na leƙa waje, sararin Chagoua fes, ko gizagizai babu. Mai hankali da sai ya kira matarsa ya tambaya, lambar matata Zainabu tana nan a saman wayar. Ni kuwa sai na ce ai gari da faɗi, ruwa yakan yi a wata unguwa ya tsallake wata. Na rubuta: "Jama'a, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya a Boutalbagar. Duk mai kaya a waje ya hanzarta." Sannan na zaro rigar ruwa daga ƙasan kanta, na saka, na ɗaure wayata a leda, na hau babur.

Tun daga nesa na fara jin wani iri, don ƙasa a bushe take ƙamas. Na ce wataƙila sai an shiga layinmu. Da na karyo kwana, sai ga maƙwabcina Malam Habu, mai sayar da yadi a kasuwa, tsaye da tamfol a kafaɗa kusa da buhunan simintinsa, gumi har haɓa. Bayansa mutum biyar, kowa da abin da ya taso shi. Rana tana dukan kowa, awaki na kwance a inuwa suna tuƙa. Ni kuma ga ni cikin rigar ruwa ruwan ɗorawa, har da hularta.

"Meteyo," in ji Malam Habu, "ina ruwan?"

Na ciro waya daga leda na nuna masa. "Wallahi Malam, ka ga lamba..."

"Kalas, ya isa! Lamba zan yafa wa siminti? Na rufe shago na bar mata uku da kuɗi a hannu. Ashe ƙaryar ma yanzu da na'ura ake yin ta?"

Aka kwashe da dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige, ni da rigar. Dariyar ba ta dame ni kamar kalmar ƙarya ba, don sana'ata gaba ɗaya a kan magana take. In na ce wa mutum batirin nan zai kai shi asuba, yarda yake yi ya biya. Kafin sati ya zagayo, wani da muka gama shirin aiki ya ce in dakata tukuna, zai ƙara shawara. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Na rantse sai na gano bakin zaren. Washegari na'ura ta sake cewa an yi ruwa, jibi ma haka (wannan karon na kama bakina). Na canja mata pil, 'yan ƙananan baturanta. Na kwance kwanon na wanke, na cire yanar gizo-gizo. Na zargi iska da girgiza cokalin, na ƙara ɗaure ƙarfen da ke riƙe da ita da waya har hannuna ya yi kanta. Na zargi ƙadangaru, na shafa wa ƙarfen baƙin mai, har wani jan gwada ya sulluɓo ya tsaya yana gyaɗa mini kai. Duk a banza, da safe ruwa ya sake sauka a cikin waya.

Sai na zauna da biro na jera ranakun. Kullum tsakanin bakwai da rabi da takwas ne, bayan na fita. Kuma akwai kwana biyu da ba a yi ba, Asabar da Lahadi. Me ya faru Asabar da Lahadi? Na tambayi Zainabu, ta ce ba komai, sai dai Inna, mahaifiyata da ke zaune tare da mu, ta je Sabangali ta kwana biyu wajen ƙanwata mai jego.

Da safe na yi sallama kamar na tafi, na ajiye babur a bakin layi, na dawo na laɓe a zaure. Sai ga Inna ta fito da buta. Ta jawo kujerar tsuguno ta taka, ta yi bisimilla, ta tuttule butar nan kaf cikin kwanon na'urata. Wayar ta yi ƙara a aljihuna.

"Inna! Me kike yi?"

Ko gezau ba ta yi ba. "Ruwa nake ba tsuntsaye, ba ka ga zafin da ake ba? Sadaka ce. Amma kai, an cuce ka a kwanon nan, yoyo yake. Kwana nawa ina zubawa ba ya riƙe ko ɗigo." Ta kwance bakin zanenta ta nuna mini guntun sabulu. "Yau dai zan toshe ramin."

Na zauna daɓas a ƙasa ina dariya har da hawaye. Na'urata lafiyarta lau! Ruwa aka zuba mata, ruwa ta faɗa.

Bayan la'asar na tara mutanen nan shida a ƙofar gida, na sauko da na'urar, na miƙa wa Malam Habu buta na ce ya zuba da hannunsa. Ya zuba, cokali ya yi ƙas-ƙas, lamba ta hau a waya kowa yana gani. Na ba su labari, amma Malam Habu ya taɓe baki.

"To wa ya ga an zuba? Kai kaɗai?"

Sai muka ji murya daga cikin zaure. Ni ɗan fari ne, tunda nake Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, balle ta yabe ni a gaban mutane.

"Habu, ni na zuba, da hannun nan. Yaron nan yana da rawar kai, yana da sayen tarkace, amma tunda na haife shi ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Wanda ya ce masa maƙaryaci ya zo ya faɗa a gabana."

Malam Habu ya cire hula ya sosa ƙeya, ya durƙusa ta wajen ƙofar. "Tuba nake, Inna." Sannan ya juyo ya miƙo mini hannu biyu. "Meteyo, ka yafe ni. Na yi maka saurin baki."

Ni da na shirya jawabin cin nasara tun safe, sai kawai na kama hannunsa na ce ya wuce. Da na san abin da zan ji ke nan daga bakin Inna, wallahi da na sake yawo da rigar ruwa har kasuwa.

Yanzu na'urar tana can saman rufi inda takarda ta ce, tsuntsaye kuma na saya musu kasko na ƙasa. Abin da na koya shi ne, na'ura za ta gaya maka ruwa ya zuba, amma ba za ta gaya maka wanda ya zuba shi ba. Wannan sai ka kira gida ka tambaya.