Makokin Feret a Ɗakin Zomayen Aki Oman

Ranar nan gajimare ya sauko garin Lembang har cikin gonakin kabeji, ana yayyafi siriri, irin wanda mutum yake raina shi har ya jiƙe sharkaf. Aki Oman yana zaune a bakin ƙofa, ya ja zanensa na sarong har wuya, yana hura shayin citta. Tun yana saurayi yake kiwon zomo, rabin masu tsiren zomo na bakin titi a wurinsa suke saya. Sai dai ɗakin da ya fi ji da shi, na bayan gida kusa da rafi, mai sanyi kamar cikin randa, ya fita daga hannunsa. Jikarsa Rinrin ta baro masana'antar ɗinki a Bandung ta zo ta cika shi da feret, wasu 'yan dabbobi masu dogon jiki da gajerun ƙafafu kamar tunku, waɗanda 'yan birni ke ajiyewa a gida kamar kyanwa. Zafi yana kashe su, shi ya sa dole sai ɗakin nan.

Uwar Rinrin ta kafa sharaɗi. 'Ya'yan haihuwar farko sun isa sayarwa; in damina ta wuce ba a sayi ko ɗaya ba, Rinrin ta koma kan keken ɗinki, ɗaki ya koma wa zomaye. Damina kuwa ta fara naɗe tabarmarta. A masallaci Aki yana gaya wa kowa cewa Allah-Allah yake yi lokacin ya zo. Abin da ba ya faɗa shi ne, tun rasuwar matarsa gidan bai sami mai yi masa musu ba sai da yarinyar nan ta zo.

Rinrin ta fito ta gaishe shi, ya amsa mata da Neng, wato 'yammata, kamar yadda ya saba kiranta. "...lafiya lau na tashi, Neng. Sai dai na yi mafarki na faɗa masai. Ina farkawa na ga ashe iska ce ta juyo daga wajen 'ya'yanki."

"Aki, shinshina zanenka tukuna kafin ka yi wa bayin Allah sharri. Zanen nan tun zamanin Turawan Holan bai ga sabulu ba."

"Zanen nan ya girmi uwarki. Gaishe shi."

Rinrin ta rusuna. "Ina kwana, zane. Yaya haƙuri da tsoho?"

"Mara kunya. Me kike nema da sassafe?"

"Tashi, yau kai ne ma'aikacina. Zan nuna su kai tsaye a intanet, mutane suna kallo, suna tambaya ina amsawa. Sandar da nake ɗora waya ta karye."

"Wato ni ne sanda."

"Kai ma a karye kake, amma dai kana tsayuwa."

"Hotunan da kike ta zubawa a wayar nan fa, wa ya saya?"

"Mutane sun yaba."

"Waɗanne mutane?"

"Mutane dai."

"Ƙanwar uwarki da 'ya'yanta, sai ke da kanki da ɗaya wayar. Ni tunda nake ban taɓa nuna wa waya zomo ba. Mutum ya zo, ya ɗaga, ya ji nauyi, ya tafi da abinsa."

"Ya yanka."

"Ya ci! Naki fa? Safa ce aka yi wa ƙafafu. Ba a cin ta, ba ta ƙwai, ba ta gadi. Sana'arta ɗaya, sata. Ina makullina? Ina cokalina? Har haƙorana na roba mai baƙin idon nan ya ja ya kai ƙarƙashin gado."

"Ai ya dawo maka da su. Ya gwada ya ga ko ayaba ba sa iya taunawa."

"Kuma aka ce a ƙasar Turawa farautar zomo ake yi da su. Zomayena tunda suka ji warinsu suka daina kallon karas, sai da na kwashe su na kai gindin bishiyar piya. Kin kawo mini 'yan fashi gida, kuma ni zan riƙe musu waya."

"Za ka riƙe, ko in gaya wa likita yawan sukarin da ke cikin kofin nan?"

Aki ya kurɓe shayin da sauri ya miƙe.

A ɗakin, Rinrin ta gyara ɗankwali, ta ɗora murmushi, ta miƙa masa waya. 'Yan feret suna ta shige da fice cikin bututun gora, ɗaya na jan wutsiyar ɗaya. Ta yi bayani mai kyau: abin da suke ci, allurar da aka yi musu, yadda ake musu wanka. Masu kallo ba su cika yatsun hannu ba.

"Aki, sama kaɗan. Ƙafata kake nuna musu."

"Ita ce ta fi kyau a jikinki."

"Hannunka na rawa."

"Wari ne ke kaɗa ni."

'Yan dabbobin suka gaji da ita, suka shige bututu suka ƙi fitowa. Rinrin ta ce bari ta ɗauko ƙwai a kicin, shi ne ba sa iya ƙi. "Riƙe haka. Kar ka taɓa komai."

Shi Aki a saninsa, in mai magana ya tashi, magana ta ƙare. Sai ya jingina wayar da gwangwani a kan kanta, fuskarta na kallon ɗaki, ya leƙa ƙofa ya tabbatar yarinyar ta yi nisa. Sannan ya taka a hankali zuwa wani ɗan lilo na tsumma inda mai baƙin idon nan yake kwance. Rinrin tana kiransa Moci. Aki yana kiransa Ɓarawo.

"Kai, Ɓarawo. Tashi ka nuna musu kanka, kai ne mai kyan cikinsu."

Shiru. Ya sa hannu ya ɗago shi. Kai ya langaɓe gefe, ƙafafu suka saki, jiki ya zubo tsakanin yatsunsa kamar jiƙaƙƙen tsumma.

To, mai kiwon zomo ya san abu ɗaya. Zomo ko barci yake, ido rabi a buɗe, ganye ya faɗi sai ya zabura. Zomon da ka ɗaga ya langaɓe haka, sai haƙa rami. Aki ya zauna daɓas a kan buhun dusa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɓarawo! Ni ne fa."

Ya girgiza shi, ya hura masa kunne, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya sake ta, ta faɗi.

"Hantar kazar nan ce ta ɗazu? Ai kullum da asuba ina ba ka, ba ta taɓa yi maka komai ba! Tashi mana. Ga tabarau, ɗauka. Ga haƙoran ma, in su kake so na bar maka." Ya share hawaye da bayan hannu. "Kai, kar ka yi mini haka. In ka mutu wa zai sayi sauran? Yarinyar nan Bandung za ta koma. Wa zai zage ni da safe? Tashi, ɗakin ma na bar muku, zomaye su zauna gindin piya har tashin duniya."

Ya cire baƙar hularsa, ya kwantar da shi a ciki, ya gyara masa wutsiya.

Rinrin ta daɗe tsaye a bakin ƙofa da kofin ƙwai a hannu. Ta kalli kakanta, ta kalli wayar, inda saƙonni ke ta hawa sama kamar tururuwa. Ta cije leɓe.

"Aki, me ka saka a hula?"

"Neng, zauna tukuna. Ki yi haƙuri. Duk mai rai..."

"Moci ne? Allah sarki. Ya bar wasiyya?"

"Ke wace irin zuciya gare ki? Ɗanki ne fa!"

"A ina za mu binne shi? Kusa da filin da ka ajiye wa kanka, ko ka ga warinsa zai dame ka?"

"Rinrin!"

Ta tsoma yatsa cikin gwaiduwa ta shafa wa mamacin a hanci. Hanci ya motsa. Baki ya buɗe, aka yi hamma doguwa har ana ganin dasashi. Moci ya yi miƙa, ya lashe yatsan, ya dubi Aki da ido ɗaya, sannan ya yi tsalle ya shige cikin sarong ta ƙasa.

Rawar da Aki Oman ya taka a ɗakin nan, ko ranar aurensa bai taka irinta ba. Ƙafa ɗaya sama, hannu ɗaya riƙe da ƙullin zane, yana salati yana zagi a lokaci guda, har Moci ya ɓullo ta wuyan rigarsa ya kwanta a kafaɗa.

"Haka suke barci, Aki. Kamar kai bayan Azahar. Sau biyu ina kusa kiran liman."

Aki ya maida numfashi, ya maida hula. "Na sani. Gwada ki nake yi in ga ko kin san aikinki."

"Hawayen fa?"

"Wari."

"To, gaishe da mutane."

"Waɗanne mutane?"

Ta ɗauko wayar ta kawo masa daidai hanci. Ya ga wani tsoho da feret a kafaɗa yana kallonsa, ga rubutu na gudu a ƙasa.

"Tun yaushe suke nan?"

"Tun daga 'Ɓarawo, ni ne fa.' Kowa ya kira ɗan'uwansa. Ga wani ya ce Allah ya ba Aki haƙurin rashi. Ga wata tana tambaya ko tsohon ma na sayarwa ne."

"Ce mata ba za ta iya ciyar da ni ba."

"Ga Mang Dadang mai tsire, ya ce gobe a masallaci zai yi maka ta'aziyya a gaban kowa."

"Ce masa daga yau ya nemi zomo a wani wuri."

"Ga kuma Mama. Ta ce ta ji maganar ɗaki da kunnenta."

"Wanda ke cikin makoki ba a kama shi da magana."

Rinrin tana dariya tana karantawa, sai dariyar ta tsaya. "Aki. Ga wata mata daga Surabaya, Bu Lestari. Da gaske take. Ta ce za ta saya yau, ta zo da kanta ta ɗauka." Ta ɗago ta dube shi. "Moci take so."

"Ba na sayarwa ba ne."

"Aki..."

"Ga 'yan'uwansa nan cike da bututu. Ta zaɓi mai fari. Wannan ɓarawo ne, zai kwashe mata gida."

Ta rubuta, ta jira, ta girgiza kai. "Ta ce wanda aka yi wa kuka take so. Sauran duk dariya suke yi, ita kaɗai ta yi maganar saye."

Aki ya dubi taga. Yayyafin ya ɗauke, rana ta fara leƙowa kan gonaki. Moci yana taunar masa gefen kunne a hankali. Ya shafa masa baya. Can ya gyara zama, ya fuskanci wayar sosai, kamar wanda aka zo neman auren 'yarsa.

"Baiwar Allah, Surabaya kika ce? Garin da ƙwai ke dahuwa a aljihu? Da me za ki sanyaya shi?"

Rinrin ta karanta amsa. "Ta ce ɗakinta akwai na'urar sanyi, dare da rana."

"In wuta ta ɗauke fa?"

"Ta ce akwai janareta."

"Wa ke gida in kin fita? Akwai yara masu jan wutsiya? Mijinki mai haƙuri ne? Yana da haƙoran roba?"

"Ta ce nasa na Allah ne."

"Madalla, ya tsira. Hantar kaza da asuba, kaɗan, ba ya son mai sanyi. In kin ɗaga shi kin ga kamar ya mutu, kar ki yi abin kunya, barci yake."

"Ta ce ta gode da darasi, ta ga misali da idonta."

Aki ya sauko da Moci daga kafaɗa, ya riƙe shi da hannu biyu, ya dube shi ido cikin ido, sannan ya ɗora shi a tafin jikarsa.

"Ce mata ta zo."

"Ka tabbata, Aki?"

"Ɓarayi biyu sun yi wa gida ɗaya yawa. Shi ƙaramin, cokali kawai yake ɗauka. Ita babbar, ɗaki sukutum ta sace, ina zaune ina kallo. Ƙaramin ya tafi, a bar mini babbar, na riga na saba da warinta."

Rinrin ta kama hannunsa ta ɗora a goshinta, ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago, idonta ya yi ja.

"Ke kuma hawayen mene ne?"

"Zanenka ne, Aki."

Tsohon ya tuntsire da dariya har sai da ya dafe haƙoransa kar su faɗo.

Moci yana Surabaya yanzu, ya yi ƙiba, Bu Lestari takan aiko da hotonsa. 'Yan'uwansa duk an saye su kafin rani ya kankama. Rinrin tana nan Lembang, ana jiran haihuwa ta biyu. Zomaye an gina musu sabuwar rumfa a gindin piya. Aki Oman ne ke riƙe waya.