Tagar da Na Yi wa Ƙwari

Shekarar da buhun wake mai leda a ciki ya shigo Makarfi, ni na fara kawo shi gidanmu. Na tara kowa ina bayani kamar malamin gona: iska ba ta shiga, ƙwari sai mutuwa.

Amma duk Juma'a nakan soka ƙarfen duba hatsi a jikin buhun in ga lafiyar waken, yadda na taso na ga ana yi.

Da azumi muka kwance buhun, sai gari da ƙwari. Baba, Allah ya jiƙansa, ya leƙa ya ce, "Sannu injiniya, har taga ka yi musu?"

Har yau ƙannena in sun ga buhu sai su ce, "Yaya, a buɗe taga?" Ba na fushi, muryar Baba nake ji.